Zuwa ga makanikan Katsina: ƙwaƙwalwar mota ba aljani ba ce

Assalamu alaikum. Daga nan Ingila nake gaida iyayena da yayyena makanikan birnin Dikko, musamman na wajen Ƙofar Ƙaura, inda na yi yarintata ina miƙa sifana.

Na sha ganin yadda muke yi idan mota mai injekta ta yi gardama: a ce ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa man injin, ta mutu, a nemo ta gwanjo, ko a cire komai a ɗaura kafireta a huta. Ni ma haka na ɗauka, har na haɗu da wani dattijo maƙwabcina da ya yi akasin haka. Tsohuwar Peugeot 504 ce da shi, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Ya cire mata kafireta, ya haɗa mata ƙwaƙwalwa da hannunsa.

Ba shi ya ƙirƙiro abin ba. Wajen 2001 wasu Amurkawa biyu, Bruce Bowling da Al Grippo, suka fitar da MegaSquirt, allon da mutum zai saya ya like da dalma da kansa. Daga baya Josh Stewart na Ostireliya ya kawo Speeduino, wanda ke hawa kan wani ƙaramin allon kwamfuta mai suna Arduino Mega, kuma ya bar tsarinsa a buɗe ga kowa.

Aikin ƙwaƙwalwar lissafi ne kawai. Fetur yana ƙonewa tsaf idan kashi 1 nasa ya gamu da kashi 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Sai ta tambayi sansa, wato 'yan na'urorin awo da ke jikin injin: iska nawa ta shiga, injin ya yi zafi ko da saura, totur nawa aka taka? Daga nan ta yanke tsawon lokacin da nozul mai fesa fetur zai buɗe. Akwai kuma sansa a salansa mai kai tsegumi in an yi kuskure. Kai kuwa kana zaune da laftof a cinya, ka buɗe manhajar TunerStudio, ka sauya lamba ɗaya, ka ji muryar injin ta sauya nan take. Ranar da dattijon ya bar ni na taɓa, na sa mai ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe garejin, fulogi suka yi baƙi ƙirin. Dariya kawai ya yi, ya miƙo mini burushi.

Wannan kuskuren mai sauƙi ne. Mai tsadar shi ne a ƙwari injin, mai ya yi kaɗan, zafi ya cinye fistin. Famfon injekta kuma yana tura mai da matsin da ya kai kusan 3 a ma'aunin "bar", tiyon kafireta ba zai ɗauka ba, sakaci kaɗan sai gobara. Don Allah kada a gwada a motar haya da ake ci da iyali.

Kunnen da ya san kukan injin yana wajenku, hannun dalma yana wajen yaranmu masu gyaran waya. Da Sallah, in Allah ya kai mu, zan taho da allo ɗaya. Wanda ke da injin 504 a yashe a bayan gareji, ya share mana ƙurarsa.