Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar bayan ɗiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na Argungu da kewaye.

Alhamdu lillahi. Shekaranjiya muka dawo daga Kano, likita ya ɗaga hoton bayan ɗiyata ya ce ƙashin ya haɗe, daga yanzu sau ɗaya a shekara za mu riƙa zuwa. Shekara 2 ke nan cif da yi mata aiki, kuma sai yau na samu natsuwar da zan zauna in gode muku.

Godiyata ta farko ga telarmu ce. Tana auna ta ɗinkin ƙaramar salla, lokacin ɗiyata tana shekara 13, sai ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, kafaɗar yarinyar nan ɗaya ta fi ɗaya tudu." Ni da na haife ta ban lura ba, hijabi ya rufe komai. Da muka koma gida na sa ta sunkuya kamar mai ruku'u, na tsaya ta bayanta, sai ga haƙarƙarin dama ya taso. Na ji maganganu iri-iri, wasu su ce tallar ruwa ce a ka, wasu su ce iska ce. Har wurin mai ɗori muka je, ya danna ya ja, ba abin da ya ƙaru sai kuka. Likitoci sun ce sunan abin sikoliyosis, wato karkacewar ƙashin baya, yawanci ba a san sanadinsa ba, ya fi tsananta ga 'yan mata lokacin da suke tsawo. Da an gano shi karkacewar tana tsakanin digiri 25 zuwa 40 a awon likitoci, rigar ɗaure baya kan iya tsayar da shi. Namu ya wuce 50, sai aiki.

Na gode wa likitocin da suka kafa mata sanduna biyu na ƙarfe da kusoshi, da nas-nas ɗin da suka tayar da ita ta taka ƙasa kwana biyu bayan aiki, ina ta roƙonsu su bar ta ta huta. Su suka fi ni gaskiya. Na gode wa ƙannen babanta da suka ba da jini, da Yaya da ya jinginar da fadamarsa ta shinkafa, da direban da ya riƙa bi da mu ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa yana lallaɓa mota a kowane rami.

Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne mutanen gida, don wahalar gaske bayan sallama ta fara. Ƙarfen nan riƙo kawai yake yi, ƙashin ne zai haɗe da kansa, kuma hakan kan ɗauki wata 6 zuwa shekara. A tsawon watannin farko an hana ta sunkuyo, da murɗa jiki, da ɗaukar nauyi. Ku duba rayuwar ɗiya mace a gidanmu: shara da tsintsiya, daka, jan guga, wanki a tsugune. Gwaggonta ta baro gidanta a Jega ta zauna da mu wata uku, ita ke juya ta a gado jiki ɗaya kamar gungume, kafaɗa da ƙugu tare. Ƙannenta suka raba aikinta ba gunaguni. Maƙwabcinmu magini ya gyara mana bayi ya sa masai irin na zama. Malamin Islamiyyarsu ya zo har gida ya kwantar mata da hankali cewa sallarta a kan kujera karɓaɓɓiya ce. Ranar da likita ya ba ta izini ta kai goshinta ƙasa, ta daɗe a sujadar nan, ni kuwa ina bakin ƙofa hawaye na zuba.

Ga masu tambayata a ɓoye ko za ta iya aure da haihuwa: na tambayi likita gaba da gaba. Ya ce masu irin wannan aiki suna ɗaukar ciki su haihu, sai dai ta sanar da asibiti akwai ƙarfe a bayanta, saboda allurar kashe zafi da ake yi a baya. Ƙarfen ba a cika cire shi ba sai in ya kawo matsala. Abin da ya ja mana kunne a kai shi ne gaɓoɓin ƙasan ƙashin baya da ba a haɗe ba, su ke ɗaukar motsin yanzu. Don haka tana tafiyar ƙafa kullum da yamma, tana atisayen da mai gashin ƙashi ya koya mata, tana kiyaye ƙiba, in za ta ɗauki abu ta lanƙwasa gwiwa. Zazzaɓi da kumburi ko ruwa a tabon, ko sagewar ƙafa, ba a jira da su.

Wanda ban ambata ba ya yafe mini, Allah ya san ku, ya saka muku da alheri. Akwai wata yarinya daga Zamfara da muka tarar a layin ganin likita, iyayenta har yanzu suna haɗa kuɗin aiki. Ku sa ta a addu'a.