Tabon da ke fuskar rana, daga saman benenmu a Gwammaja

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san safiyar da hazo ke sauka tun asuba, Dutsen Dala ya ɓace wa na Gwammaja, rana ta fito fara fat kamar sabon faifai, ba zafi ba ƙyalli. A irin wannan safiya ne mutane ke ɗaga kai su zuba mata ido, yara har gasa suke yi a ga wanda zai fi daɗewa. Abin yana tayar mini da hankali matuƙa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana rage hasken da ke sa mutum runtse ido, amma ba ta tare duk abin da ke yi wa idon lahani. Tantanin da ke can ƙuryar ido kuwa ba ya jin zafi. Sai ya ƙone mai shi bai sani ba, bayan 'yan sa'o'i ya ga wani duhu ya tsaya a tsakiyar duk abin da ya kalla.

Ba ina cewa a daina sha'awar rana ba ne. Ni kaina ita ce ta kama ni. Sana'ata ɗaukar hoto, biki da suna da saukar karatu, amma duk safiyar da ba ni da aiki, saman bene nake hawa da kyamarata da wata 'yar ƙaramar na'urar hangen nesa mai faɗin baki milimita 70. Kuma akwai abin kallo a fuskar nan. Masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta cewa sun ga baƙin tabo a jikin rana tun shekara ta 28 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, zamanin da babu na'ura, sai dai ƙura ta rage hasken ko rana ta sunkuya. Mu yanzu Allah ya hore mana hanyar da ba sai mun sayar da idonmu ba.

Hanyar ita ce filta, kuma a gaban na'ura ake ɗaura ta, inda haske ke shiga, ba a wajen da ake kafa ido ba. Tawa takardar Baader AstroSolar ce, siririya mai ƙyalli, wadda a cikin kashi 100,000 na hasken rana ɗaya kawai take bari ya wuce. Oda na yi aka kawo mini, na yanka kwali na yi mata murfi, na naɗe da salatif yadda iska ko hannun yaro ba zai fizge ta ba. Kafin kowane kallo sai na ɗaga ta sama na duba ko ta huje. Akwai wata ƙaramar baƙar filta da ke zuwa cikin kwalin wasu na'urori masu araha, wadda ake ɗaurawa a wajen ido. Don Allah duk wanda ya same ta ya jefar. A daidai wurin ne zafi yake taruwa, tana iya tsagewa ido na kanta. Baƙin tabarau, takardar hoton ƙashi ta asibiti, gilashin da aka turara da hayaƙin aci-bal-bal, faifan sidi, babu ɗaya da ke kare ido. Ko gilashin walda sai mai lamba 14, yawancin waɗanda ake aiki da su kuwa ba su kai nan ba, shi ma kuma na kallo da ido ne kawai, ba a haɗa shi da na'ura.

Lokacin da na fi so shi ne hantsi, tsakanin ƙarfe takwas da tara da rabi. Da zarar rufin kwanon unguwa ya ɗauki zafi, iskar da ke tashi daga kansa sai ta riƙa kaɗa hoton, gefen rana ya yi ta rawa, tabon ya narke. Wanda ke kusa da fili ko ruwa ya fi mu morewa, mu na cikin gari sai mu yi sammako. Nemo ranar ma ba da ido nake yi ba. Inuwar na'urar nake kallo a ƙasa, ina juya ta har inuwar ta tsuke iya tsukewa, to a nan ranar ta shigo.

Ga abokan sana'a: girman rana a cikin kyamara kusan tsawon gilashinka ne a raba gida 109. Gilashi mai milimita 300 zai ba ka da'irar da ba ta kai milimita 3 ba, ƙarama ce, amma manyan tabo suna fita sarai. Nakan sa ISO a 100, buɗewa f/8, gudu wajen 1/1000, sannan na daidaita da hannu a kan gefen rana, domin kyamara ba ta iya kama shi da kanta. Hoto ɗaya ba ya wadatarwa. Bidiyo nake ɗauka na 'yan daƙiƙoƙi, na zuba a kwamfuta, manhajar AutoStakkert ta tsince firam ɗin da iska ta lafa a cikinsu ta haɗe su wuri guda.

To, me ake gani? Tabon baƙi ne a tsakiya, da toka-toka kewaye da shi. Ba rami ba ne, ba kuma datti ba. Wuri ne da ƙarfin maganaɗisu ya taru har ya hana zafi tasowa daga ciki, sai ya tsaya wajen digiri 3,500 alhali kewayensa na wajen 5,500, shi ya sa yake yin duhu. Abin da ya fi ratsa ni shi ne tafiyarsa. Ka ɗauke shi yau a gefen gabas, gobe ya matso, cikin kusan mako biyu ya ratsa fuskar ya ɓuya ta yamma. Ranar ce ke juyawa, kusan kwana 27 kowane zagaye a ganinmu daga ƙasa. Da irin wannan bibiya Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya kafa hujjar juyawarta a 1613. Idan na jera hotunan mako guda a allo, ina ganin abin da ya gani, daga Gwammaja, daga nisan kilomita miliyan 150.

Yawan tabon yana hawa yana sauka duk shekara 11 ko kusa da haka. Wani Bajamushe mai sayar da magani, Heinrich Schwabe, shi ya gano haka a 1843 bayan shekaru yana ƙirga su, kuma shi ma ɗan sha'awa ne irinmu. Zagayen da muke ciki ya fara a Disamban 2019. A Mayun 2024 wani gungun tabo da aka yi wa lamba 3664 ya kai faɗin duniyarmu kusan sau 15, har da tabaran husufi kaɗai ana ganinsa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya hau benen a makon, ya ce, "Yaro, kullum ina hango ka a nan, me kake nema a rana?" Na ce, "Baba, bismillah, amma ta nan za ka duba, kada ka taɓa murfin." Ya daɗe sunkuye, ya ɗago yana tasbihi, ya tambaye ni ko ƙura ce a gilashin. Na gusa na'urar kaɗan, ya ga tabon yana tafiya tare da ranar. Kwana kaɗan bayan nan, daren 10 ga Mayu, aman da gungun tabon ya watso daga jikin rana ya iso duniya, guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003. Irinta ce, wadda ta fi ta tsanani, ta hargitsa wayoyin tangaraho a Satumban 1859, bayan wani masanin taurari, Richard Carrington, ya ga walƙiyarta a Ingila yana cikin zana tabo.

Carrington ba ta cikin na'ura ya leƙa ba, hoton ya haska a kan allo. Wanda bai da kuɗin filta zai iya yin haka da tabaran hangen nesa mai ido biyu: a toshe ido ɗaya, a bar hasken ɗayan ya sauka kan farin kwali a inuwa. Sai dai a tsaya a kansa kada yaro ya kai ido, kuma kada a daɗe, zafi na lalata shi.

Ina matsa wa wannan magana ne saboda abin da ke tafe. Waɗanda suka yi wayo a 29 ga Maris 2006 suna tune da yadda gari ya dushe da hantsi, lokacin da cikakken husufi ya bi ta Gusau da Katsina, mu a Kano ya rage saura ƙiris. Ran nan mutane da yawa a bahon ruwa suka kalla, alhali hasken da ruwa ke maidowa shi ma yana cutarwa. Ranar 2 ga Agusta 2027 za mu ga wani ɓangare na husufin da zai cika a Masar, sannan 20 ga Maris 2034 cikakke zai ratsa Najeriya. Malaman firamare da na Islamiyya su nake roƙo su fara shiri tun yanzu. Tabaran husufi na kwali ba su da tsada, a duba akwai lambar ISO 12312-2 a jikinsu, kuma guda goma sun ishi aji guda idan aka yi karɓa-karɓa bayan an idar da sallar kusufi.