Inda hoton ya fara yayyafi: gwajin tabarau uku a gonar kawu

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon tuƙa jirgi mara matuƙi ta cikin tabarau, wato irin wanda ake rufe fuska da shi ana kallon hoton da kyamarar jirgin ke aikowa. An kwana biyu ban faɗa muku inda na kwana ba. Jira nake a gama girbin gero da dawa in samu fili, domin tambayar da ta fi damuna tun da na fara wannan harka ita ce: da wane tabarau ne hoto ya fi nisa? Asabar uku a jere na kwashe a gonar kawuna da ke bayan gari, ni da ƙanena, shi ke bin jirgin da ido yayin da fuskata ke rufe.

Tabarau uku muka gwada. Na farko nawa ne, irin mai kama da akwati ɗin nan da yawancinmu muke farawa da shi, na analog, mai eriya biyu. Na biyu aro na yi daga wani abokina, shi ma analog ne amma siriri, mai modul na karɓar sigina da ake cirewa a sauya, kuma kuɗinsa ya ninka na nawa sau da yawa. Na uku dijital ne, mai shi ya zo da jirginsa domin tabarau ɗinsa ba ya karɓar hoton jirgina. Daɗin analog a nan shi ne, na'urar aika hoto da ke kan jirgi, wato VTX, watsawa kawai take yi kamar gidan rediyo. Duk wanda ya kama tashar zai gani. Saboda haka tabarau biyun farko hoto ɗaya suke kallo a lokaci ɗaya, ba wanda zai ce an yi masa rashin adalci.

Asabar ta farko ko tashi ban yi ba. Na cire fukafukan jirgin, na ɗora shi kan turmi a bakin gona, na sa ƙarfin VTX a miliwat 25, muka yi ta tafiya a ƙasa muna leƙawa. Ku kula da abu biyu idan za ku yi haka. Kada ku taɓa saka batir alhali ba eriya a jikin VTX, ƙonewa yake yi. Sannan idan jirgi yana zaune ba iska, na'urar tana ɗaukar zafi sosai, don haka na jingina mata ƙaramar fanka mai caji.

Sakamakon ya ɗaure mini kai. Tabarau na aro yana nuna hoto tas, nawa kuwa ko tsakiyar gona ba mu kai ba ya fara yayyafi kamar tsohuwar talabijin. Na koma gida na riga na yanke hukunci a zuciyata cewa arha ce ta cuce ni. Da dare ina goge kayan, sai ƙanena ya ɗauki eriyata ɗaya yana juyawa, ya ce, "Yaya, me ya sa wannan an rubuta L, ta jikin jirgin kuma R?"

A nan matsalar take. Eriyoyin da muke amfani da su a zangon gigahaz 5.8 murɗa sigina suke yi, wasu dama, wasu hagu, shi ne ake rubuta RHCP da LHCP. Idan ta jirgi dama take murɗawa, ta tabarau kuma hagu, yawancin siginar ba ya shiga, kamar mutum ne ke ƙoƙarin ɗaura noti a kan kusar da zarenta ya juya baya. Wata shida ina tashi a haka ban sani ba, domin kusa-kusa nake yawo. Da na tashi sayen wata eriyar kuma sai na koyi darasi na biyu: bakin ɗaurawa iri biyu ne, SMA da RP-SMA. A ido kamar ɗaya suke, har su ɗauru lafiya, amma idan ba su dace ba allurar tsakiya ba ta taɓa komai. Ku leƙa cikin bakin kafin ku biya kuɗi.

Asabar ta biyu na sa wa tabarau biyun eriyoyi iri ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ta ragu ƙwarai. Mai tsadar ya fi har yanzu, amma ba a nisa ya fi burge ni ba. Idan sigina ya yi rauni, hotonsa ba ya birkicewa ko ya yi ta gangarawa sama da ƙasa, yayyafin ne kawai ke ƙaruwa a hankali. Nawa kuwa yakan ɗan ƙifta duk lokacin da ya sauya daga wannan eriya zuwa waccan. Wannan bambanci na gaske ne, amma ni dai ban ga ya kai a ce mai koyo ya ci bashi a kansa ba.

Bari in tsaya kan maganar ƙarfin VTX, domin nan ne muke yawan yaudarar kanmu. Ninka ƙarfi sau biyu ba ya ninka nisa sau biyu. Sai ka ninka ƙarfin sau huɗu kafin nisa ya ninka. Daga miliwat 25 zuwa 100, nisa ya ninka. Daga 100 zuwa 400, ya sake ninkawa. Amma daga 400 zuwa 800, abin da za ka ƙaru da shi wajen kashi 40 cikin ɗari ne kawai, ga ƙarin zafi, ga cin batir, ga shiga hoton wanda ke tashi kusa da kai. Shi ya sa a gasar tsere ake tsayar da kowa a miliwat 25, a raba musu jerin tashoshin da ake kira Raceband, guda 8 masu tazarar megahaz 37 a tsakani. Ribar da za ka samu daga ninka ƙarfi sau huɗu, desibel 6 ke nan a ma'aunin ƙarfin sigina, kusan ita faffaɗar eriyar tabarau mai kama da faranti take ba ka a kan mai zagayen da ke ji ta ko'ina, ba tare da ka taɓa jirgin ba. Sharaɗinta ɗaya: gabanta kawai take ji. Idan ka sunkuyar da kai, kuma dukkanmu muna sunkuyarwa ba mu sani ba, ƙasa take kallo. Ƙanena ya yi ta ce mini, "Yaya, ɗaga kanka."

Asabar ta uku mai dijital ya zo. Gaskiya hoton yana da kyau, har kututturen karan dawa ɗaya bayan ɗaya kana iya ƙirgawa. Tun da kamfanin DJI ya fito da tsarinsa na dijital a 2019 ake muhawara kan wanne ya fi tsakanin analog da dijital, daga baya tsarin Walksnail da na HDZero suka shigo. Sai dai ba hali ɗaya gare su ba. DJI da Walksnail magana suke yi tsakanin jirgi da tabarau, abin da ya ɓace a sake aikowa, don haka idan sigina ya raunana hoto yana dusashewa kuma jinkirinsa yana ƙaruwa. HDZero watsawa kawai yake yi kamar analog, jinkirinsa ba ya canzawa, sai dai ɗigo-ɗigo su bayyana a hoton. Wanda muka gwada daga cikin masu maimaita aike ne, kuma a buɗaɗɗen fili ya wuce inda idon ƙanena ke iya bin jirgi a cikin hazon hunturu, sai muka juyo ba mu ga ƙarshensa ba. Ban ɗauki wannan a matsayin gasa ta adalci ba, tunda jirgi daban ne, ƙarfi daban.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a ranar ya faru ne a bayan itatuwan mangwaro da ke gefen rijiya. Ganye ɗanye ruwa ne a cikinsa, kuma ruwa yana shanye sigina a wannan zango. Da na zagaya bayansu da analog, hoton ya cika da yayyafi, kala ta gudu, amma ina iya hango layin da sama ta haɗu da ƙasa, sai na ƙara wuta na haura sama, hoto ya dawo. Da dijital a wuri ɗaya, hoton ya riƙe kyaunsa ya fi tsayi, sannan ya ɗan daskare. Ƙiftawar ido ce kawai, amma jirgi yana tafiya a lokacin, abin da nake gani kuma ya riga ya wuce. Mai shi ya nuna mini lambar da ke ƙasan gilashi mai nuna yawan bayanan da ke shigowa, ya ce ita yake kallo, da ta fara faɗuwa yake juyowa. Wato kowane tabarau da yadda yake gargaɗi, kuma sanin gargaɗin nasa ya fi mini muhimmanci a kan sanin mita nawa aka rubuta a kwali.

Na kuma lura hoto ya fi lalacewa a daidai lokacin juyowa gida, sa'ad da batir da ƙashin jirgin suka shiga tsakanin eriyar jirgin da ni. Don haka idan ka jira sai hoto ya yi muni kafin ka juya, juyawar ce za ta ƙarasa shi. Kusa da rumfar kwanon kawu ma analog ya yi ta zane-zane, saboda siginar da ke dukan kwano yana dawowa.

Wata magana da ba zan tsallake ba: a 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta ce tashin irin waɗannan jirage a Najeriya yana buƙatar izini, har da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ga halin da ake ciki a karkara, jirgi a sama yana tayar wa mutane hankali. Kafin mu fara sai da kawu ya kai ni na gaida mai unguwa na yi masa bayani, kuma ba mu ƙetare iyakar gonar zuwa kan gidajen mutane ba.

Yanzu dai na fasa sayen sabon tabarau. Na yi odar doguwar eriya da za ta ɗaga sama da batir a bayan jirgin, idan ta iso zan koma bayan mangwaron nan a miliwat 200 in ga ko juyowar za ta gyaru.