Tsakanin jirgi da tudu: yawon buɗe ido a tsibiran Girka

Mun yi hayar jirgin ruwa mai filafilai daga tashar Lafriyo, kudu maso gabashin birnin Atens, ni da wasu abokan aiki, tare da matuƙi ɗan ƙasar da ya san ruwan. Lokacin zafi ne. Kowannenmu ya zo da jerin wuraren da yake son gani a tsibiran Saikiladis, wasu har da taswira mai jan layi. Matuƙin ya duba, ya mayar mana, ya ce za a ga abin da iska ta yarda a gani.

Iskar da yake nufi ita ce meltemi, wadda ke kaɗowa daga arewa a Tekun Ejiyan, ta fi tsanani a watannin Yuli da Agusta. Ta tuna mini da iskar hunturu wajen bushewa da naci, sai dai ita ba ta ɗauke da ƙura, sama garau take, ga rana ƙwal. Idan ta taso takan yi kwanaki ba ta kwanta ba, kuma ita ce ke yanke hukuncin inda za a kwana da lokacin da za a tashi. Duk wani tsarin yawo a tudu bayanta yake bi.

Kafin ma a taka ƙasa akwai aiki. A yawancin ƙananan tashoshin, ana jefa anka ne, wato ƙarfen da ke kama ƙasan teku ya riƙe jirgi, a tsakiyar ruwa, a ja jirgi da baya har gindinsa ya kusanci dakalin tasha, a ɗaure da igiyoyi biyu, a shimfiɗa katako a sauka. Wuri kaɗan ne, jirage da yawa, don haka wanda ya iso bayan la'asar sai ya yi ta kewaye. Inda babu gurbi, sai a tsaya a wani lungun teku a shiga ƙaramin kwalekwalen roba zuwa gaɓa. Na lura cewa a ranakun da ankarmu ba ta kama ƙasa sosai ba, babu wanda ya ji daɗin yawo. Mutum yana kallon gini, zuciyarsa tana kan jirgi. Shi ya sa muka daina gaggawar sauka. Mukan jira matuƙi ya ja sarƙa ya tabbatar, wani lokaci har a yi iyo a leƙa ankar da ido, sannan a sa takalmi.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Delos. Ƙaramin tsibiri ne kusa da tsibirin Mikonos, babu gari a cikinsa, ba a barin baƙo ya kwana, jirage ma ba sa kwana a gefensa. Mun kwana a wani lungu na tsibirin Riniya da ke fuskantarsa, muka tsallaka da sassafe kafin manyan jiragen 'yan yawo su iso daga Mikonos. Wannan sammakon ya yi mana rana, domin babu inuwa a Delos ko kaɗan, kuma da hantsi ya daga sai wurin ya cika.

Girkawan dā sun ɗauki tsibirin a matsayin mahaifar gumakansu Apollo da Artemis. A shekara ta 426 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Atens suka tone kaburburan da ke ciki suka kwashe su zuwa Riniya, suka kafa doka cewa ba a haihuwa ba a mutuwa a Delos. Mace mai naƙuda da mai jinyar ajali, duk tsallakar da su ake yi. Da na ji wannan sai na waiga na kalli inda muka kwana da wani ido daban. Mun bi ta gaban jerin zakunan dutse da mutanen tsibirin Naksos suka kafa; na waje kwaikwayo ne, na ainihi suna cikin gidan tarihin tsibirin saboda iska da gishirin teku sun ci su. Mun shiga unguwar attajirai inda har yau ake ganin daɓen da aka zana da ƙananan duwatsu masu launi, da manyan ramukan tara ruwan sama a ƙarƙashin tsakar gida.

Amma dukiyar da ta gina waɗannan gidaje ita ta hana ni sakewa. Bayan Romawa sun mayar da Delos tashar da ba a biyan haraji, wajen shekara ta 166 kafin haihuwar Annabi Isa, ta zama babbar kasuwar bayi. Masanin ƙasa Strabo ya rubuta cewa ana iya shigo da bayi dubu goma a fitar da su a rana guda. Ko da an ce ya yi ƙari, adadin ya isa ya girgiza mutum. Masu zuwa suna ɗaukar hoton ginshiƙai, ni ma na ɗauka, amma ina ganin bai kamata a bar wurin ba tare da an tuna da waɗanda aka sayar a bakin wannan ruwa ba. Na hau dutsen Kintos, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 100, na zauna na daɗe kafin na sauko.

Daga nan muka gangara Naksos, iska ta tsananta, ta tsare mu a tasha. Da farko an yi ta ƙorafi, saboda zuwa tsibirin Santorini ya fita daga lissafi. Sai ga shi nan ne muka yi yawon da ya fi kowane. Mun je Portara, ƙatuwar ƙofar farin dutse da ta rage daga wani ɗakin bauta da aka fara wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa ba a gama ba. Mun zaga lungunan Kastro, tsohuwar unguwar da ke kan tudu wadda Marco Sanudo, mutumin birnin Benis na Italiya, ya kafa bayan ya kama tsibirin a farkon ƙarni na 13. Da muka ga zama zai yi tsawo, muka hau motar haya zuwa cikin tsibirin, inda mai jirgi da ke gaggawa ba ya kaiwa: gonakin dankali da zaitun, ƙauyen Apirantos mai titunan farin dutse, da dutsen Zas, mafi tsayi a duk Saikiladis, kimanin mita 1,000. A ƙauyen Apolonas da ke arewa akwai wani mutum-mutumi mai tsawon fiye da mita 10 kwance a inda aka fara sassaƙa shi, masu aikin suka tafi suka bar shi. Da mun samu iska mai kyau, da kwana ɗaya za mu yi mu wuce, ba mu san da waɗannan ba.

Tsakar rana ba lokacin yawo ba ne a can. Shaguna da yawa suna rufewa bayan azahar, sai yamma gari ya sake farkawa, a ci abincin dare a makare. Muka koyi fita da safe, mu dawo jirgi mu huta, mu sake fita bayan la'asar. Duk majami'a ko gidan masu ibada da za a shiga, ana son a rufe kafaɗa da gwiwa.

Ga Musulmi, sai an yi tambaya kafin a ci tsire ko naman da ake yankawa daga sanda mai juyawa, domin galibi na alade ne. Kifi, wake, cuku, tumatir da burodi sun wadace ni. Salla kuwa na fi yin ta a tudu idan da hali, saboda jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da iska, alƙibla tana kudu maso gabas, kana iya tayar da kabbara kana fuskantarta ka sallame kana kallon wani wajen. Ruwan alwala ma da lissafi nake ɗiba, don tankin jirgi ƙarami ne, kuma ba kowace tasha ake samun famfon cika shi ba.