Ina shan maganin HIV amma ina ta ramewa

Har yau in na tuna maganar ma'aikaciyar asibitin nan sai raina ya ɓaci. Wai "baiwar Allah faɗi gaskiya, kin daina shan maganin ko?" Ni da ko biki zan je garin Gadarif a nan Sudan sai na ƙulle ƙwayoyina a bakin zani.

Lokacin da aka gano ina da HIV, CD4 ɗina, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki, ya yi ƙasa sosai. Na fara magani, jiki ya dawo, har na yi ƙiba. Ana nan bayan shekara da wani abu sai na fara zubewa, ga ci kamar gara amma ba ya zama a jiki, zuciya na bugawa fat-fat ko ina kwance, gumi ko a lokacin sanyi, in na ɗauki kofin shayi hannu na rawa har ya zube min a cinya. A unguwa kuma kun san ramewa abin magana ce, ba sai an tambaye ki ba.

Maleriya aka ce, sai taifot, sai zargin nan na barin magani, alhali gwajin jini ya nuna ƙwayar HIV ɗin ba a ma ganinta. Wata likita ce a Wad Madani kawai ta taɓa wuyana ta ce haɗiyi yawu, ta rubuta gwajin TSH da T4, gwajin jini na duba aikin ƙululun wuya (thyroid). Ashe ciwon Graves ne, wani nau'in maƙoƙo. Ta ce garkuwar jiki in ta farfaɗo bayan ta daɗe a ƙasa, a wasu mutane takan rikice ta far wa ƙululun wuya ya dinga zuba sinadari fiye da ƙima, kuma yawanci sai shekara 1 zuwa 3 da fara magani yake bayyana, shi ya sa ba a kawo shi a rai.

Na ce me ya sa ni? Ta tambayi dangi. Goggona na da maƙoƙo tun muna yara! Akwai ƙwayoyin gado da ake kira HLA, na kowa daban, wasu nasu na sa garkuwa saurin afka wa jikin mai ita, kuma mata sun fi kamuwa.

Carbimazole mai rage sinadarin da propranolol mai lafar da bugun zuciya aka ɗora ni a kai, maganin HIV kuma ba a taɓa shi ba. In kina ramewa alhali gwajinki na kyau, ki nace a duba wuya, ki faɗi ciwon da ke danginku tun kafin a tambaya. Ni wlh kuɗin allurar taifot ɗin nan, cutar da ba ni da ita ma, har yanzu yana min ciwo.