Rigimar da muke tsallakewa a wajen aiki

A makarantar koyon aikin lafiya an karantar da mu wani Ba'amurke, Bruce Tuckman, da tun 1965 ya ce duk mutanen da aka haɗa aiki ɗaya sai sun bi matakai: da farko ana ɗari-ɗari da juna, sai a fara saɓani, sai a daidaita kowa ya san halin kowa, sannan aiki ya kankama. A 1977 shi da Mary Ann Jensen suka ƙara na biyar, wato rabuwa. Sai da na fara aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin gari na gane mu nan Kano matakin saɓanin nan muke tsallakewa, kuma wallahi shi yake cutar mu.

Kunya ce da kara. An taso mu ƙarami ba ya ja da babba, tarbiyya ce mai kyau ban ƙi ba, amma a kan gadon mara lafiya tana iya zama illa. Ƙaramar nas za ta ga maganin da aka rubuta ya yi wa nauyin yaro yawa ta kasa buɗe baki, sai an koma ɗakin hutu a yi ta gunaguni, to kin ga saɓanin bai tafi ko'ina ba, gulma kawai ya koma, mara lafiya kuma shi ke kwana a ciki.

Matiron ɗinmu ce ta karya wannan. Ta kafa doka duk safiya wajen miƙa aiki mafi ƙanƙanta ne zai fara magana, har mai ba da kati da mai shara. Da farko abin ya yi zafi, akwai waɗanda suka daina gaisawa na ɗan lokaci. Amma a irin zaman nan ne wata safiya mai kati ya ce, "Anti, matar nan mai yaro mai tamowa fa ta daina zuwa, kuma na ji maigidanta ne ya hana." Mu da muke auna hannun yaron babu wanda ya sani. Ta hannun mai unguwa aka bi, aka zauna da mijin a zaure, ashe kuɗin adaidaita ne matsalar, shi kuma nauyin faɗa yake ji.

Ta kuma koya mana SBAR, tsarin da asibitoci suka aro daga sojojin ruwan Amurka. In za ki kira likita da dare ki faɗi halin da ake ciki yanzu, tarihin mara lafiyar a taƙaice, abin da ke kika gani, sai abin da kike so a yi. Na ƙarshen nan ne ya fi ba mu wuya, yarinya ta ce wa likita "ranka ya daɗe ina ganin ka zo yanzu" ba ƙaramin abu ba ne. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a takardar tiyatar da ta fitar a 2008 ta sa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, don wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya ya fi saurin cewa a dakata.

Abin da ke damuna yanzu shi ne canjin wurin aiki, ana gama sabawa sai takarda ta zo a ɗauke mutum biyu a kawo sababbi, mu koma gaisuwar ɗari-ɗari, su kuma sai an sake lallaɓa su kafin su yarda za su iya magana a gaban Anti.