Kafin ku ɗauki mota ku bi gaɓar tekun Kuroshiya

Ƙannena da ke karatu ko aiki a Turai, da masu shirin zuwa hutu, idan kuna da niyyar bin gaɓar tekun Adiriyatik da mota daga Rijeka zuwa Dubrovnik, ku fara duba bizarku kafin ku buɗe taswira. Ni na fara da taswira, kuma cikin kurakuraina babu wanda ya kai wannan tsada.

Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake yawo a cikinsu da biza ɗaya, ranar 1 ga Janairu 2023, a ranar kuma ta koma amfani da yuro. Sai dai gaɓarta a yanke take. Kafin a kai Dubrovnik akwai garin Neum, inda tsohuwar hanya ke ratsa ƙasar Bosniya na kimanin kilomita 9. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar da ke riƙe da biza ta shiga sau ɗaya, da zarar ya fita ta wannan iyaka bizarsa ta gama aiki. Otal ɗin da ya biya yana gaba, jirginsa na komawa yana baya, duk biyun kuma cikin Shengen suke. Maganin wannan shi ne gadar Pelješac da aka buɗe a watan Yuli 2022, tsawonta kilomita 2.4, ba a biyan ko sisi, kuma tana kewaye Neum gaba ɗaya. Ku sa sunan gadar a taswirar waya a matsayin wurin ratsawa, don wani lokaci wayar kan zaɓi Neum. Mai son ƙarasawa Kotor a Montenegro ma ya duba takardar bizarsa: in ba a rubuta MULT ko 2 a wurin adadin shiga ba, ya tsaya a Dubrovnik.

Kuskure na biyu shi ne lissafin tafiya da kilomita. Hanyar gaɓa, wadda za ku ga an rubuta D8 a allunanta, layi ɗaya ce zuwa, ɗaya dawowa, tana lanƙwasa tsakanin dutse da ruwa, tana kuma ratsa ƙauyukan da ba a wuce kilomita 50 a awa. Daga Rijeka zuwa Zadar kilomita 225 ne ko kusa da haka, amma ku ware awa huɗu ko fiye. Split zuwa Dubrovnik kimanin 230, shi ma awa huɗu. Idan motar kwana ta masu yawon buɗe ido ta shige gabanku, haƙuri kawai za ku yi, wurin wuce ta ba shi da yawa, kuma masu babur sukan ɓullo daga kwana ba zato. Kada ku ɗora wa kanku fiye da awa huɗu na tuƙi a rana. Kwana bakwai shi ne mafi ƙaranci, goma ya fi daɗi. Ranar da gajiya ta kama ku, ku hau babbar hanya A1, ku karɓi tikiti a ƙofar shiga, ku biya a ƙofar fita. Tana da sauri, amma teku ba ya ganuwa a mafi yawanta.

Ku taso daga arewa ku gangara kudu. Hannun dama ake bi, saboda haka teku zai kasance a damanku, kuna iya ratsewa ku tsaya ba tare da tsallaka titi ba.

Batun lokaci, Mayu da Yuni da Satumba sun fi. Yuli da Agusta cunkoso ne, musamman ranar Asabar da baƙi ke sauya masauki. Lokacin sanyi kuwa akwai iskar da suke kira bura, mai gangarowa daga tsaunin Velebit, wadda ƙarfinta kan haura kilomita 200 a awa. Tsakanin Senj da Karlobag ta fi tsanani, har akan rufe hanya, a dakatar da jiragen ruwa. Kada ku yi gardama da ita. Kowace safiya ku duba sanarwar hanya ta HAK, ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, kafin ku tayar da mota.

Wajen hayar mota an fi cin kuɗin mutum ta abin da bai tambaya ba. Ku je da lasisinku na gida tare da na ƙasa da ƙasa, da katin bashi na banki mai sunan direba, don a kansa ake riƙe kuɗin jingina. Yawancin motocin masu giyar hannu ne, mai son atomatik ya kama da wuri. Ajiye mota a wani gari daban da inda aka ɗauke ta yana da nasa kuɗin, haka ƙetare iyaka, haka wani lokaci shiga jirgin ruwa da ita, kuma duk ku sa a rubuta a takarda. Wanda bai kai shekara 25 ba sau da yawa akan ƙara masa kuɗi. Ku ɗauki ƙaramar mota, lungunan garuruwan nan ba su da faɗi. Ku ɗauki hoton kowane ƙwarzane da tayoyi da gilashi kafin ku fita. A gidan mai kuma, Eurosuper 95 fetur ne, Eurodizel gas ne, ku karanta murfin tanki kafin ku zuba.

Tsibirai suna jan hankali, amma kowane ɗaya yana cin yini. Jirgin ruwa na kamfanin Jadrolinija daga Split zuwa Supetar a tsibirin Brač minti 50 ne, zuwa Stari Grad a Hvar awa biyu. A layuka da dama tikitin mota ba ya nufin an ajiye muku wuri a jirgin da kuke so, wanda ya riga shiga layi shi ke shiga. Lokacin zafi ku isa tasha da awa ɗaya da rabi. Tsibiri ɗaya ya isa.

Tsohon garin Dubrovnik da tsakiyar Split da ƙafa ake shiga. Kada ku kama masauki sai mai gida ya tabbatar muku a rubuce akwai wurin ajiye mota.

Sai abinci da salla, waɗanda ban yi musu tanadi ba. Ku haddace kalmomi uku: svinjetina naman alade ne, pršut busasshen naman alade ne, panceta ma haka. Pašticada naman sa ne, amma da giya ake dafa shi, akan kuma cusa masa na alade. Gasasshen kifi da dankali da ganyen blitva sun wadatar da ku tun daga Rijeka har ƙarshe. Rijeka na da babban masallaci da aka buɗe a 2013, Split da Dubrovnik na da ƙananan wuraren salla, a mafi yawan hanya kuwa darduma da gorar ruwa a bayan mota su ne naku. A watan Yuni asuba kan yi wajen ƙarfe 3, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen 8 da rabi. Kantuna da yawa sukan rufe ranar Lahadi, saboda haka ku sayi ruwa da burodi da 'ya'yan itace tun ranar Asabar da yamma.